Tukunyar da Gwaggo Rifkatu ta ɗora kan kabarin Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rifkatu, ƙanwar mahaifina, maginar tukwane. Ba tukwanen miya aka san ta da su ba. Irin waɗanda mutanenmu ke ɗorawa kan kabari take ginawa, masu siffar mutum ko dabba, don a san wanda ke kwance. Da ta shiga coci ta daina, sai da Baba ya rasu ta ce ko limamin coci zai yi fushi, yayanta ba zai kwanta kai ba hula ba. Ta gina masa ta ƙarshe, muka kai ta tsohon ƙauyenmu da ke kan dutse bayan Dabai.

Shekara biyu kafin rasuwarta gidan tarihi na nan Zuru ya gayyace ta hira a bainar jama'a, tare da masu zane da wasu baƙi masu tara kayan gargajiya. Ni na raka ta. Gwaggo da ba ta taɓa riƙe lasifika ba, sai ga ta tana ba mutane dariya kamar a tsakar gidanta. Wani baƙo mai fara'a ya tambaye ta inda tsofaffin tukwanen suke.

A wurinmu, baƙon da ya tambayi hanyar kabarin naka gaisuwa ya zo yi, kuma rowa ce a ɓoye masa. Don haka ta kwatanta masa tiryan-tiryan.

"Ka bi rafi har gindin tsamiya, ɗana, ka hau dama. In ka isa ka gaishe su, sun daɗe ba su ga baƙo ba."

Aka tafa mata, ni ma na tafa. Damina ba ta zagayo ba tukwane suka fara ɓacewa. Ta kakanmu ta tafi, ta wani tsohon maharbi ta bi baya. Gwaggo ba ta sake zancen hirar nan ba har ta koma ga Ubangiji, sai dai duk wanda ya sauko daga dutse ta tambaye shi ko ta yayanta na nan.

A lokacin akwai masu noma a can da ke sa ido. Yanzu 'yan bindiga sun kori kowa, hanyar ma ba ta biyuwa. Me za ta ce da ta ga haka? Ina jin zani za ta ɗaure ta kama hanya, mu kuma mu riƙe ta.

Mai kula da gidan tarihin mutumin kirki ne. Ya ce in hanya ta buɗe in ɗauko tukunyar Baba su adana ta cikin gilashi. Na gode masa, amma tsoro bai bar ni na amsa ba. Duwatsun kaburburan duk iri ɗaya ne, in an ɗauke tukunya ni kaina ba zan iya nuna wa 'ya'yana kakansu ba.

Har yau ba na fashin hirarrakin da gidan tarihin ke shiryawa. A gaba nake zama, mutane na cewa na gaji Gwaggo wajen son fasaha. Ba haka ba ne. Baƙi kan haska hotunan abin da suka tara a bango, ni kuwa ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Hannun Gwaggo ba ya ɓace mini, ko cikin dubu zan gane aikinta. Abin da ya rage mini nata ke nan, kuma kullum addu'ata kada in gan shi a bangon nan.