Keken ɗinkin da na kusa jinginarwa a Maamobi

Jiya jikata ta miƙo mini wayarta, wai wani ya yi mata tayin rance don ta biya wani rancen. Sai na tuna da kaina a unguwar Maamobi, zamanin da muke kashe fam da sule.

Ina saurayi na karɓi keken ɗinki bashi a hannun Alhaji Seidu, wani Bazabarme mai albasa. Bayan Sallah aiki ya tsaya, biya ya gagara, na koma bin bayan lungu don kada mu haɗu.

Wani dillali a Nima, unguwar da ke kusa da mu, ya ce zai biya Alhaji kuɗinsa gaba ɗaya, ni kuma in jinginar masa da keken, in riƙa biya da ƙari. Har na yarda.

Na gaya wa Mma Adiza, uwar gidan da nake haya, tana dama koko. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Idan ka kasa biya, wa zai ci riba?"

Na ce, "Shi ne, Mma."

"To, ba shawara ya ba ka ba, ciniki yake yi. Sa takalminka."

Ta kai ni gaban Alhaji. Ya ce ɓuyan da nake yi ya fi kuɗin ɓata masa rai. Muka shirya duk Juma'a in kawo abin da ya samu. Na daɗe ina biya, amma keken bai bar ɗakina ba.

Ku wa kuke tambaya in bashi ya matsa muku?