Fuskar Autanmu a Sabuwar Talabijin

Har yau in keke ya bi da ni ta gaban shagunan masu sayar da talabijin a Jimeta, kau da kai nake yi. Sun jera su a bakin titi, manya-manya kamar ƙofar gareji, kowacce tana nuna tsuntsu ko furen da har raɓar jikinsa kana iya ƙirgawa. Mutane su tsaya suna sakin baki. Ni kuwa raina ne yake ɓaci, kuma ina da dalilina.

Mu uku mahaifiyarmu, Dada, ta haifa. Akwai Hamma, babban wanmu, wanda aiki ya kai Abuja tun kafin tashin hankali. Sai ni, malamar firamare. Sai autanmu, wanda ya buɗe ɗan shagon wasan gem a garinmu, can arewacin jihar, samari suna taruwa suna buga ƙwallo a talabijin. Ranar da mutanen daji suka shigo garin, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni na ɗauki Dada da maganinta. Da muka iso Jimeta bayan kwanaki a hanya, muka sauka a ɗakin wata goggonmu a Limawa, na buɗe jakar auta ina sa ran ganin takardun makarantarsa. Me zan gani? Na'urar wasa, da hannayenta biyu, da wayoyi a cukurkuɗe.

Ranar na yi masa tas. Na ce gari yana ci da wuta, mai hankali ya ɗauki takarda, shi ya ɗauki abin wasa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Adda, takarda ta taɓa ba ni abinci? Wannan ne yake ba ni." Sai na ƙara zaginsa.

Da muka kama namu ɗakin, ya samo wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a hannun wani mai gyara a Nassarawo. Nauyinta kamar buhun masara, sai an mare ta a gefe kafin kalarta ta daidaita. A nan ya nuna mana abin da ya yi. Ashe wasan yana ba mutum dama ya ƙera ɗan ƙwallo da kansa, shi kuwa ya zauna ya ƙera kansa. Dogon wuyan nan nasa, kunnuwan da muke tsokanarsa da su, baƙinsa, har askin da Dada ta tsana. A bayan rigar ya rubuta sunan da Dada kaɗai take kiransa da shi. Ya kuma ba wa kansa gudun da a zahiri ko akuya ta kwance ba ya iya kamo ta. Dada ta yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun da muka baro gida.

Bayan wasu watanni aka ce hanya ta buɗe. Ya ce zai je ya duba shagonsa da gidanmu, kwana biyu ya dawo. Bai dawo ba. Babu gawa, babu labari, babu wanda zai ce ga inda ya gan shi. Hotunanmu sun ƙone da gidan, wayata ta ɓata tun a hanyar gudu, tasa kuma ta tafi da shi. Abin da ya rage shi ne fasfo ɗaya na lokacin da yake ƙaramar sakandare, shi ma an buga masa hatimi a kumatu.

Wata Juma'a bayan la'asar aka kawo wuta, Dada ta nuna talabijin da haɓa, ta ce, "Kunna mini shi." Na ɗauka labarai take so. Ta ce a'a, shi.

Haka ni, da na tsani abin nan, na koyi riƙe hannun wasa da girmana. Na gano ƙungiyar da ta fi kowacce rauni, ita nake haɗa shi da ita kullum. Kowa ya sami ƙwallo sai ya miƙa wa auta. In ya ci, sai ya rugo da gudu ya cika allon, hannu a buɗe. Hoton tsohuwar talabijin ba tar yake ba, yana da ɗan hazo-hazo, gefen komai a narke yake. A cikin wannan hazon, wallahi shi ne. Ko ni da nake da ido garau, shi nake gani. Dada takan matso da tabarmarta, ta ce, "Duba wuyan. Yaron nan ba ya cin abinci." Shekara da shekaru muna haka, duk Juma'ar da aka yi sa'ar wuta. Ko da muka koma unguwar Karewa, talabijin ɗin nan a cinyata ta yi tafiyar. Kuma duk tsawon lokacin Dada ba ta taɓa yarda a ce Allah ya ji ƙansa a gabanta ba. Allah ya dawo da shi, iyakarta ke nan.

Sai Hamma ya zo hutun babbar salla da kwali a bayan mota, wanda sai da maza biyu suka kama. Hamma ba mugu ba ne, wannan zan faɗa don Allah. Amma mutum ne da yake ganin duk abin da ya dami mutane, sabon kaya ne maganinsa. Shi ma mayen wasan ne, da furfurarsa. Tun kafin ya sha ruwa ya fara yi mana lacca. Wai wannan talabijin ta ninka wadda ake yayi bara wajen fitar da hoto. Wai na'urorin wasan da za su fito nan gaba duk irinta suke buƙata, wanda bai shirya ba an bar shi a tasha. Wai za ka ga gumi a goshin ɗan wasa, ka ga zaren rigarsa, ka ga ciyawa ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Hamma, wa ya ce maka muna neman ciyawa?"

Ya ce, "Ke matsalarki ba kya son ci gaba. Dada ta tsufa, idonta ya yi rauni, kin bar ta da wannan akwatin tana lalube. Bari ta ga ɗanta da kyau."

Na ce masa ya kafa abarsa inda yake so, amma kada ya taɓa tsohuwar. Da bakina na faɗa, a gaban Dada. Washegari na tafi gaisuwar salla cikin Yola. Kafin in dawo ya sa an huda bango, an rataye sabuwar, tsohuwar kuma ya kira masu sayen gwangwan da ke yawo da kura ya ba su kyauta, wai tana cin wuri, tana tara kyankyaso.

Ban san lokacin da na yar da mayafina ba. Na ce mutumin da ba ya nan ranar da muka kwana a gonar mutane, ba ya nan ranar da muka bi asibiti-asibiti da fasfo ɗin yaro, yau shi ne ya san abin da ke cin wuri a gidan nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce in yi haƙuri in gani tukuna, in na gani zan gode masa.

Tun a nan abin ya fara nuna hali. Wayoyin na'urar auta guda uku ne, ja da fari da ruwan ɗorawa, sabuwar talabijin kuwa ba ta da ramin ko ɗaya. Sai da ya koma kasuwa ya sayo wani ɗan akwati mai haɗa su. Ranar Juma'a ya tayar da janareta don kada wuta ta kunyata shi, ya ɗora Dada a kujera, ya miƙo mini hannun wasan yana murmushi. Na so in ƙi. Dada ta ce, "Kunna." Wannan kunnawar ita ce nawa laifin, kuma ban yafe wa kaina ba.

Na buga, na ci. Ya rugo ya cika allon, allon da ya kusa rabin bango.

Hazon nan babu shi. Sabuwar talabijin ba ta rufa wa kowa asiri. Fuskar ta fito shafe kamar an zana a jikin kwali, gefenta tsini-tsini kamar matakala. Idanun ɗigo biyu ne marasa motsi. Bakin layi ɗaya ne da aka ja. Kunnuwan da muke dariya a kansu, wasu ɓaraguzai ne aka manna. Ashe duk shekarun nan rabin fuskar ne kawai ke cikin na'ura, sauran rabin tsohuwar talabijin ce take rufewa, idon Dada yana cikawa.

Dada ta miƙe da ƙyar, ta je har jikin allon, ta daɗe tana kallo. Ta juyo ta ce da Hamma, "Wannan wane ne?"

Ya fara kame-kame. Wai laifin tsohuwar na'ura ce, ba ta kai matsayin allon ba. Wai in aka sayo sabuwa, za a ƙera shi sabo fil, har ramin gashinsa. Na ce wa zai ƙera? Kai da rabonka da ganinsa tun bai fara gemu ba? Shi ya zauna ya yi wannan da hannunsa, yana kallon madubi yana dariya. A wace kasuwa ake sayar da wannan?

Washegari da sassafe na bi sawun masu gwangwan har inda suke zube kaya a bayan gari. Na kwatanta musu ita, har da tsagewar da ke gefen hagu inda muke marinta. Wani ya tono mini bayanta, fanko. Ya ce, "Hajiya, tun jiya mun fasa shi. Wayan ciki ne muke so, sauran kwandem ne, na zubarwa." Na tsaya a cikin rana riƙe da ƙusumbin roba, ina jin kamar in kurma ihu.

Ban haƙura ba. Mako biyu ina zagaya masu gyara, daga Limawa zuwa Nassarawo, suna kallona kamar mai taɓin hankali, mace da aikinta tana neman abin da kowa yake zubarwa. Daga ƙarshe na samu wata a wurin wani tsoho, kusan irin tamu. Hamma ya riga ya koma Abuja. Na sa aka sauke tasa daga bango, na kafa wannan a kan tebur, na jira Juma'a.

Aka kawo wuta bayan la'asar. Na haɗa ja da fari da ruwan ɗorawa, na buga, na ci. Ya rugo, hazon ya dawo, wuyan ya dawo, ni dai na ga ƙanina. Na juya ina jiran ta ce ba ya cin abinci.

Ba ta matso da tabarma ba. Ta kalla kaɗan, ta sunkuyar da kai tana jan carbinta.

"Kashe, bingel am," ta ce. Haka take ce mini ɗiyata da Fulatanci in tana lallashina. "Na riga na ga abin da yake ciki."

Na kashe. Muka zauna, allon yana ɗan ƙara yana hucewa. Can ta ce gobe in auno gero da sukari a dama kunu a raba wa maƙwabta. Na tambaye ta sadakar mece ce.

Ta ce, "Ta ƙaninki. Allah ya ji ƙansa."

Hamma ya kira a makon nan, ya ji labarin mun sauke talabijin ɗinsa, yana tambaya ko mun mayar da ita bango, wai sabuwar na'urar da yake faɗa ta kusa fitowa. Na ce masa tana nan a bayan ƙofa, fuskarta a jikin bango, duk ranar da ya zo ya ɗauki abarsa.