Malama Mardiyya da Allon Katakon Jirgi

Kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji, Malama Mardiyya ta riga ta gama faɗanta na farko, kuma da awaki take yi. Su ne ke kwana a filin ƙwallon kwando na makarantarmu ta 'yan mata a Haɗeja. Za ta kore su, ta share abin da suka bari, tana mita. In damina ce kogi ya yi ambaliya, da shebur take kwashe laka. Haka take tun wasu iyayenmu suna ɗalibanta, kuma a ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Ban iya yabo ba, amma shirun da ake yi a kanta ya ishe ni.

Lokacin da allon bayan kwando ya ruɓe, ba wanda ya kula. Ita ta tafi har Guri, ta roƙi wani masunci, Malam Ari, katakon tsohon jirginsa. Kafinta ya haɗa, ta zana murabba'i da farin fenti a tsakiya, ta kafa doka.

Ga waɗanda ba su san wasan ba: in aka yi wa 'yar wasa keta, alƙali yakan tsayar da ita a layi ta yi jifa ba mai tare ta. Ko'ina, kai tsaye ake nufar kwando. A wurin Malama kuwa, dole ƙwallo ya taɓa murabba'in nan kafin ya faɗa.

"Ke Jannatu! Kwandon nan ɗakinku ne da za ki faɗa ba sallama? Taɓa allo tukuna!"

"Malama, ai ya shiga."

"Ban gani ba. Sake!"

Wallahi abin da ban haushi. Samari su hau katanga suna ihu, "Ga masu sallama nan!" 'Yan wasa su yi ta ƙunƙuni. Ita kuwa hujjarta ɗaya: ranar da jama'a suka cika, hannu zai yi rawa. Kwando rami ne a iska, allo kuwa ido yana iya riƙe shi.

Jannatu ce ta fi kowa iyawa, ita ce kuma ta fi shan faɗa. Mahaifinta, Malam Haruna, mai bandar kifi ne, kuma ya faɗa mata gaskiya: ƙarfinsa ya ƙare a sakandare. In masu zaɓen 'yan wasa suka ɗauke ta a gasar Dutse, akwai gurbin karatu a ciki. In ba su ɗauke ta ba, ta dawo gida, karatu da ƙwallo sun ƙare.

A Dutse aka ga abin da ba wanda ya yi tunani, har da Malama. Allonsu na gilashi ne. Katakon jirgi ya sha ruwa shekara da shekaru, ya yi laushi, kome ƙarfin jifa yakan shanye shi ya sauke ƙwallo cikin kwando. Gilashi ba ya shanye komai. Jannatu ta tsaya a layi, ta yi jifan da ta saba, ƙwallo ya dawo kamar an mare shi. Ta sake, ya dawo. Aka kuma yi mata keta, ya kuma dawowa. Masu zaɓe suna zaune suna kallo.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Jannatu ta zo idonta jawur.

"Malama, allonki ya cuce ni. Yanzu na manta yadda ake jifa kai tsaye, wannan kuma ya ƙi ni. Me zan gaya wa Baba?"

Malama ta yi tsaki, ba da kowa ba sai da kanta. Ta karɓi ƙwallo, ta gyara hijabi, ta taka da gwiwarta mai ciwo har layi. Ta jefa, ya dawo. 'Yan kallo suka tuntsire. Wani ya ɗaga murya, "Iya, a koma gida a yi jikoki!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta yi ta jifa tana kuskure, tana rage ƙarfi, tana ƙara ɗaga ƙwallo sama, ana ta dariya, har ɗaya ya sumbaci gilashin ya zame ciki. Ta maimaita don ta tabbatar, sannan ta dawo tana haki.

"Laifina ne, ba naki ba. Amma kuka ba ya cin ƙwallo. Gilashin nan ƙofar attajirai ce, ba a dukanta. Ki ɗaga sama, ki ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Share fuskarki, kina ba ni haushi."

Ke ce kaɗai, Malama, za ki ba da haƙuri da faɗa a numfashi ɗaya.

An cinye mu a wasan, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk jifan layin da Jannatu ta samu bayan hutu, a hankali ya taɓa gilashi ya faɗa. Ɗaya daga masu zaɓen ya ce masu iya jifa suna da yawa, wadda za ta gyara hannunta ana tsakiyar wasa ita suke nema. Suka kira sunanta. Yau tana karatu a Dutse. Da labari ya kai wa Malam Haruna, don murna sai da kifinsa ya ƙone a kan wuta bai sani ba.

To, ga abin da ke ci mini rai. A garin nan kowa ya san sunan Jannatu. Tambayi wa ya koya mata, sai a ce, "Wata malama ce mai faɗa." Wata malama! Matar da ta tsaya gaban ɗaruruwan mutane aka mai da ita abin dariya, don kada 'yar wani ta koma gida.

Ke ce uwa mai zafin baki da sanyin ciki. Kin matsa mana, kin gajiyar da mu, wani lokacin ma kin yi kuskure, amma ba ki taɓa barin kuskurenki a kan ɗaliba ta ɗauka ita kaɗai ba. Mun gode, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta, ko da yake mun san ba za ki yarda ba.

Ku kuma malamai da iyaye, ba a ce ku koyi ƙwallo ba. Amma ranar da dabararku ta ƙi, yaro yana tsaye gaban jama'a, kada ku zauna a benci kuna kare girma. Ku tashi ku karɓi ƙwallon. Dariyar da aka yi wa Malama ta ƙare kafin la'asar. Jannatu kuwa har yanzu tana aji.