Kafin In Kai Gusau Ta Sauka

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba, yayana ya bar Turba. Bisashenmu sun ƙare sai akuya da tsohon jaki. Ya ce za shi Jidda neman aiki, ya bar ni da Inna a gidan da ya yi mana yawa.

Damina ta biye ma ba ta yi ba. Maƙwabta suka riƙa ɗaure ƙofa da igiya suna yin kudu. Da safe in tafi gulbi in tona yashi har ruwa ya tsattsafo, in dawo in iske Inna zaune bakin rumbu, ba abin sussuka. Wani lokaci mukan wuni ba mu yi magana ba sai gaisuwa.

Ranar wata kasuwar garin Isa, Inna ta sa na raka ta wurin wani dattijo da ya taɓa zuwa hajji ta jirgi.

"Alhaji, nisa nawa ne wurin da ɗan nan ya tafi?" in ji Inna, tana nufin yayana.

"A ƙasa, iyayenmu shekara suke yi ba su kai ba," in ji shi. "A sama kuwa, mun yi azahar a filin jirgi na Kano, isha'i a na Jidda muka yi ta."

Muna hanyar gida Inna ta ce, "Ashe kusa ne. Zuwa Sabon Birni a kan jakin nan ya fi shi daɗewa." Tun daga nan ta fara rage wa yayana tuwo, ko da abin bai ishe mu ba. Da safe sai ta ɗumama mini shi.

Bai zo ba. Bayan shekaru sai ya aiko wani mai dawowa cewa a kawo masa Inna, ya samu ɗaki. Na ce mata ta tafi. Ta dube ni.

"Kai fa?"

"Za ni zauna. Wani ya tsare gona."

Mun sha hanya kafin Kano, mota ta lalace mana a Shinkafi, muka sauya wata. Da azahar a filin jirgi aka tsayar da ni bakin ƙofa. Ta shiga cikin ayarin mata da ƙullinta a ka, ƙarama ƙwarai a cikinsu. Ta waiwayo tana nemana, amma ba ɓangaren da nake take kallo ba. Na ɗaga hannu har ta shige.

Na hau babbar motar kaya ta komawa, a saman buhunan gishiri. Rana na faɗuwa muna gab da Gusau, sai na tuna lissafin Alhaji, na gane ta sauka ke nan, ko tana shirin sauka. Ta tsallake hamada da teku, ni ko Gusau ban kai ba. Wanda ke kusa da ni ya miƙo mini goro, ya ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Da na isa Turba na kwance igiyar ƙofa. Tabarmarta tana jingine inda ta bar ta, akuya ta cinye gefe ɗaya. Na share tsakar gida, na hura wuta, na tarar ban san yawan garin da ke isar mutum ɗaya ba. Tuwon ya kwana biyu ina ci.

Inna ba ta dawo ba, can Allah Ya karɓi ranta. Ruwa ya sauka sosai a daminar shekarar da ta tafi. Ni na yi saran shuka, ni na koma baya ina zuba iri ina rufewa, aikin da Inna ta saba yi.