Kawuna Mai Ci A Tsaye

Kawuna bai iya zama ba. Ba zagi ba ne, hali ne, kuma duk wanda ya taɓa fita cin abinci da shi zai ba ni gaskiya.

Shi ne autan kakata, ƙanin mahaifiyata, shi ya sa har ya fara furfura kowa Auta yake ce masa, mu kuma mu ce Kawu Auta. Tun ina goye ya tafi ƙasar waje, ya samu aiki a wani babban otal, ɓangaren kai wa baƙi abinci. A can ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya'ya biyu. Yadda matarsa ta ba ni labari, aikin na tsayuwa ne daga farko har ƙarshe. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera cokula, ya ɗaga kofi ya duba shi a hasken fitila, ya ɗora tire a tafin hannu ɗaya ya ratsa tsakanin kujeru ba tare da ya gogi kafaɗar kowa ba. An koya musu cewa abin kunya ne baƙo ya ɗaga hannu yana kira, tun kafin ruwan kofinsa ya kai rabi ka iso. Nasu abincin kuwa a kicin suke ci, a tsaye kusa da wurin wanke-wanke, ido na kan ƙofa.

"Ko a gida haka yake," in ji matar tasa. "Sai in zuba masa a tebur, in juya in same shi jingine da firji da faranti a hannu. Na yi magana har bakina ya gaji."

Kowace shekara yakan zo hutu da iyalinsa. Ba tsarabar ce ke sa mu ɗoki ba, ko da yake ba ma raina ta. Yawon ne. Kawu zai ɗauki hayar bas, a kwashe mu kaf, daga Kaka har jariri. Bana gidan namun daji, baɗi bakin tafki, wata shekarar sabon lambun shaƙatawa da ya ji labarinsa tun yana can. Kuma duk inda aka je, a gidan abinci ake ƙarewa. Kaka takan ce, "Auta, me ya samu tukunyar gida?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce.

"Inna, shekara nawa ina yi wa iyayen wasu hidima? Bari in yi wa tawa."

Wa zai yi musu da wannan magana?

Sai dai da mun shiga, Kawu ya koma bakin aiki. Shi zai ja wa Kaka kujera, ya shimfiɗa mata adiko a cinya, ya goge cokalinta ko da ƙyalli yake yi. Ya karɓe tulun ruwa daga hannun ma'aikaciyar wurin ya zagaye tebur yana zubawa. Wannan yaro ya zubar da miya, ya goge. Wancan bai iya cire ƙayar kifi ba, ya cire masa. Faranti bai gama zama fanko ba ya tattare shi. Ma'aikatan wurin su tsaya sororo suna kallon wanda ya zo ya raba su da sana'arsu. Akwai ranar da wani mutum a teburin gefe ya yafito shi ya ce a kawo masa gishiri, Kawu ya kai masa har da ɗan rusunawa, sai da ya dawo ya tuna shi ma baƙo ne. Mun yi dariya har da hawaye. Nasa abincin kuwa ya huce, a juye masa a leda, ya ci a tsaye a ƙofar bas muna hawa.

Kaka ba ta dariyar. Takan ce, "Auta, zauna." Ya ce, "To, Inna," ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda ke jiran a kira sunansa a asibiti. Loma ɗaya bai kai baki ba, ya hango kofin wani ya yi ƙasa, ya miƙe. Ita kuma ta yi ta juya shinkafa da cokali, ta tsakuri kaɗan, ta ture. Kawu yana ganin farantinta a cike sai ransa ya ɓaci. "Girkin nan bai yi wa Inna ba," zai ce. Shekara ta zagayo ya nemi wurin da ya fi wancan.

Ni ke kwana a ɗakin Kaka, ni ke shafa mata man zafi a gwiwa, don haka ni na san inda gizo ke saƙar. Wata safiya ina cikin shafa mata na tsokane ta. Na ce, "Tsohuwa, ke dai ba ki da godiya. An kai ki inda manya ke ci kin tsaya yanga."

Sai ta ce, "Ke me kika sani? Yaron nan da yana ƙarami ba ya cin abinci sai gwiwarsa na taɓa tawa. Tun da ya tafi ban zauna na ga loma ta shiga bakinsa ba. Ni ba yunwa ce ke fitar da ni daga ɗaki ba. So nake in ga ya ci ya ƙoshi a gabana, ko sau ɗaya, kafin ta Allah ta kasance."

Tsokanar ta fita daga raina. Na samu Kawu na faɗa masa tiryan-tiryan. Ya yi dariya ya dafa kaina. "Ke da ƙawarki kun fara ko? Ai ina zama." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske yake, a ganinsa yana zama. Na ji kamar in ɗaure shi da ɗankwali a jikin kujera, amma kawu kawu ne, na haɗiye.

Hutun da ya wuce Kaka ta sha jinya kafin su iso. Ta rame, sai da sanda take takawa, likita ya ce kada ta daɗe a tsaye. Mahaifiyata ta ce a haƙura da fita bana. Kaka ce da kanta ta ce za ta je. Ana gobe jirginsu zai tashi muka tafi wani gidan abinci mai manyan tagogi, aka haɗa mana tebur biyu. Aka kawo abinci, Kawu ya fara zagaye da tulun ruwa.

"Auta, zauna."

"To, Inna, yanzun nan."

Ya ɗosana, ya hango 'yarsa tana kokawa da cinyar kaza, ya miƙe.

Sai na ji sandar Kaka ta ƙwanƙwasa ƙasa. Ta dafa tebur, ta yunƙura. Na kai hannu zan riƙe ta, ta buge mini hannu. Ta miƙe da ƙyar, ta jingina ƙugu da tebur, ta ɗauki farantinta.

"Inna, ina za ki?" in ji Kawu.

"Ba inda za ni. Abinci zan ci da ɗana. Tunda shi a tsaye yake ci, sai in tsaya. Ɗauko naka."

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta sauya haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da nata. Ya dubi tulun da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba. Ya ajiye shi. Ya karɓi farantin, ya zaunar da ita a hankali, sannan ya jawo kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa tata, ya zauna sosai, bayansa ya jingina.

Ya fara ci. Wani yaro ya kifar da kofi a ƙarshen tebur, na ga kafaɗar Kawu ta zabura. Kaka ta ɗora hannu a gwiwarsa, ya koma. Ta ɗauke naman farantinta ta tura a nasa, ta ce, "Ka rame." Bai yi musu ba, ya ci, idonsa ya yi ja. Da ruwansa ya ƙare ya ɗaga hannu a kunyace ya kira ma'aikaciyar wurin ta zuba masa.

Sai da ya share farantinsa tas Kaka ta ɗauki cokalinta. Ta ci, ta ci, har ta kankare gefe. Ta goge baki da adiko, ta dube shi.

"Ashe abincin wurin nan da daɗi," in ji ta.