Gaisuwa Na Amsa

Ranar da aka yi mini aikin gwiwa a Birnin Kebbi, an yi mini wata allura a cinya mai kashe zafi. Gwada ta likitoci suke yi, kuma na yarda, na yi alkawarin gaya musu duk abin da na ji.

Da na koma gida Argungu, ma'aikaciyar jinya ta kira ni a waya. "Baba, yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka ake amsawa a wurinmu, ko da mutum yana kwance. Alhali ƙafar ba ta farfaɗo ba, ko ruwan alwala ba na ji a kanta.

Abin ya hana ni sukuni. Idan suka rubuta cewa allurar ba ta da illa, aka yi wa wani manomi ya kasa shiga fadama, da bakina aka cuce shi.

Na hau mota na koma asibitin. Na ce mata, "'Yata, rannan gaisuwa na amsa, ba tambayarki ba."

Ta jawo mini kujera, ta kira likita. Ya tsikari ƙafar ina kallo, ban ji komai ba. Sai ta ɗauki biro ta ce, "To Baba, fara daga farko."