Ranar da Inna Ta Ɗora Baho a kan Sikeli

Ƙarfe bakwai na safe Malama take isa ƙofar gidan yarin mata. A caje jakarta, ta sa hannu, ta wuce ɗakin gashi. Kafin ta kunna tanda sai ta ƙirga wuƙaƙe shida na yanka kwaɓin fulawa, kowace rataye a kan ƙusarta. Shekara ashirin da bakwai kwalejinmu na turo ta nan koyar da gashin burodi da kek, har da jarrabawa da takardar shaida. Fursunoni Inna suke ce mata. Ba ta yarda da "kamar ya isa" ba. Gishiri, yis, ruwa, komai sai ya hau sikeli, kuma in ta kama ki kina kintace, ranar kunnenki zai sha magana.

Ni lokacin ina ajin ƙarshe a sashen nazarin laifuka da shari'a, an turo ni wata uku sanin makamar aiki. Kai cike da littafi, ga rawar kai.

Ranar jarrabawar fursunonin ce. An kwaɓa fulawa baho shida, an rufe da ƙyalle ana jira ta tashi. Sai ganduroba ta duba allon wuƙaƙe ta ga ƙusa ɗaya babu wuƙa. Nan take aka datse ƙofa. Aka jera mata goma sha biyu a jikin bango, aka caje su har ɗankwali, ba a ga komai ba. Shugabar gandurobobi ta iso da takardar rahoto a hannu. Kowa ya san dokar: wuƙa ta ɓace, an rufe aji ke nan, wadda aka zarga kuma ta rasa sassaucin hukuncinta.

Ni na ce kada kowa ya taɓa komai, haka aka koya mana. Ni kuma na buɗe littafin karɓar kayan aiki na nuna wadda ta sa hannu a ƙarshe. Maman 'Yan Biyu ce, wadda saura mata mako uku ta fita, 'ya'yanta na hannun tsohuwarta da ko gani sosai ba ta yi. Na jero mata tambayoyi, ta kasa tuna inda ta ajiye. Wallahi a raina na riga na yanke mata hukunci. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Shugabar ta cire murfin biro. Sai Inna ta tako gabanta.

"Ranki ya daɗe, ba zan taɓa kwaɓin ba. A bar ni in auna shi kawai."

Shugabar ta ce minti biyar. Inna ta ce kowane baho da abin cikinsa kilo goma sha biyu ne cif, ita ta auna da safe. Na farko ya hau, daidai. Na biyu, daidai. Na uku ma haka. Maman 'Yan Biyu ta zame ta tsuguna, ganduroba ta daka mata tsawa ta miƙe. Da na biyar ya hau, allurar sikeli ta gota da giram ɗari biyu.

"Ki sa hannunki da kanki," in ji Inna.

Shugabar ta naɗe hannun riga ta luma har gwiwar hannu, ta zaro wuƙar. Ashe kuskuren sabon hannu ne: a soka wuƙa a kwaɓi da niyyar dawowa, wata ta rufe, kwaɓi ya kumbura ya haɗiye ta. Sai a lokacin Maman 'Yan Biyu ta tuna, ta fashe da kuka. Inna ba ta lallashe ta ba. Cewa ta yi ta wanke fuska, burodi ba ya jiran mai kuka, kuma an rage mata maki biyar.

Inna, ke ce kika koya min abin da ban samu a shekara huɗu na aji ba. Ba ki yi rantsuwa a kan kowa ba, ba ki roƙi alfarma ba, aunawa kika yi. Ke ce uwar waɗanda ba a zuwa gani ranar ziyara. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da ake ba biro a kan rayuwar mutane, 'yan sanda, gandurobobi, mu masu bincike, ku yi koyi da ita, ku auna kafin ku rubuta.

Makon jiya aka yi bikin ritayar Inna. Maman 'Yan Biyu ce ta gasa kek ɗin a shagonta, 'yan biyun har sun fi ta tsawo. Na ja ta gefe na nemi gafara, bayan shekara tara. Ta ce ta yafe tuntuni. Sannan ta miƙo min wuƙa in yanka wa Inna, ta ce in na gama in damƙa mata a hannu, ita ma ƙirga wuƙaƙenta take yi.